Gurasar da Aka Hana Ni'mat

"Idan maganar nan ta fita daga ɗakin dattawa, ta lalace." Haka Fasto Tiya ya faɗa mini a bakin ƙofar kanisarsu ta Umdurman, yana riƙe da hannuna. Na ce masa na ji. Kunnena ya ji, amma hankalina yana unguwarmu, Hajj Yusuf, wurin matata Ni'mat da ke kwance da ciwon hanta, da 'yata Sakinatu wadda ta daina cin abinci.

Sunana Habibu, tela ne ni a kasuwar Alhilla Kuku. Iyayena sun tsufa a gonakin audugar Jazira, ni kuma na shigo birni da keken ɗinki na aro. Ni'mat 'yar Nuba ce daga wajen Kadugli, Kirista. Tana aiki a wani gida a Bahri ta kawo mini yadi in ɗinka mata, na ɓata hannun rigar, ta dawo faɗa, daga nan aka fara. Na aure ta tana kan addininta. Dangina suka yi surutu har suka gaji, ita kuma ta zauna kusa da uwata ta koyi Hausa, har ta fi ni iya zagin akuya.

Nata mutanen ba su yi surutu ba, zama suka yi. Dattawan kanisarsu, waɗanda su ma suke ce wa shehunai, suka yanke cewa tunda ta auri wanda ba Kirista ba, tana ƙarƙashin horo. Ba a kore ta ba. Tana iya shiga, ta yi waƙa, ta ba da baiko. Amma ranar da ake zagawa da gurasa da ƙoƙo, abin da suke kira Jibin Ubangiji, faranti zai tsallake ta. Wurin zamanta kuma bencin baya.

Shekara ashirin da 'yan kai tana hawa hafla, motar haya, kowace Lahadi, ta ƙetare gada, ta sauya mota a Hartum, ta sake ƙetare wata gadar, don ta zauna a bencin nan. Na taɓa tambayarta me take nema a wurin mutanen da suka mayar da ita baya. Ta ce, "Abu Sakina, idan uwarka ta hana ka wainar kisra, sai ka daina zuwa gidanta?" Ban sake tambaya ba.

Da likitocin Hartum suka ce mu koma da ita gida, ba ni ta faɗa wa abin da take so ba. Sakinatu ta faɗa wa. Yarinyar ita kaɗai Allah ya bar mana. Musulma ce, tana salla, amma tun tana ƙarama ita ke raka uwarta har ƙofar kanisa ta jira a gindin bishiya. A shekarar ya kamata ta zauna jarrabawar shahada ta gama sakandare, ta ajiye littattafan. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ni ina duban uwa a kan angarib, gadonmu na igiya, ina duban 'ya a tsaye, ban san wadda zan fi ji wa tsoro ba.

Ta same ni a shago, ta tsaya a kaina har na tsayar da keke.

"Yaba, Yumma tana so a ba ta Jibi kafin ta tafi."

"Ta tafi ina?"

Dubana kawai ta yi.

"To ki je ki gaya wa fastonsu," na ce.

"Saboda kai aka hana ta. Kai za ka je."

Ba da tsawa ta faɗa ba. Da ta yi tsawa da na fi samun sauƙi.

Washegari na rufe shago na tafi Umdurman. A tunanina fasto kamar liman ne, idan ya ce an yi, to an yi. Fasto Tiya saurayi ne, bai daɗe da zuwa ba. Ya ba ni ruwan sanyi ya saurare ni har na gama, sannan ya girgiza kai.

"Ya Hajj, ni nake wa'azi, ni nake addu'a a kan gurasar. Amma wanda zai ci da wanda ba zai ci ba, ba ni ke faɗa ba. Dattawa ne."

"Su ba a ƙarƙashinka suke ba?"

Ya yi dariya kaɗan. "Ni ne a ƙarƙashinsu, har albashina. Jama'a ke zaɓensu, amma da zarar an ɗora musu hannu an yi addu'a, teburin yana hannunsu. Su suka rufe, su za su buɗe."

Sai ya rage murya ya ba ni labarin rigimar da ke cikin gidan. Tun da Kudu ta rabu ta zama ƙasa mai kanta, rabin masu zuwa suka kwashe kaya suka tafi, benci ya yi fili, abin da ake tarawa ba ya biyan ko wuta da ruwa. Dattawa suka ba wani ɗan kasuwa hayar filin gaban kanisa ya gina shaguna, ba su tambayi jama'a ba. Matasa da mata suka ce fili na kowa ne, a kira babban taro a sauke dattawan. Dattawa suka ce tsarin kanisa bai ba taro wannan iko ba. Wata da watanni ana haka, har gaisuwa ta yi wuya. Ya ce in je wurin shugabansu, Yakubu Kafi, a Umbadda. Da ya rako ni ƙofa ne ya yi mini gargaɗin nan.

Na sami Yakubu Kafi a ƙofar gidansa yana gyara ƙafar kujera. Dogon tsoho ne, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya ajiye. Na gaishe shi na faɗi ko ni wane ne.

"Mijin Ni'mat 'yar Kodi," ya ce. "Na san ka ban taɓa ganinka ba. Zauna."

Aka kawo gahawa a jabana. Ya bar ni na yi magana, bai katse ni ba. Da na ce likita ya sallame mu, ya ajiye kofinsa.

"Ranar da aka yanke mata horo ni ne ƙarami a cikin dattawa. Sauran duk sun mutu." Ya share gilashin idonsa da bakin riga. "Majalisa za ta zauna Alhamis ta sama. Zan kawo maganar."

"Ammu, ba za a iya gobe ba?" na ce, da kiran da ake yi wa baffa.

"Akwai biyu a cikinmu da ba sa zama inuwa ɗaya sai ranar da doka ta tilasta su. Ka bar ni da su."

"Za su yarda?"

"Na ce zan kawo maganar, ya Habibu."

Iyakar abin da ya ba ni ke nan. Na dawo gida na gaya wa Sakinatu. Ta ƙirga kwanakin da yatsa, ta dubi ɗakin uwarta, ta ce, "Alhamis ta wa?"

Ranar Juma'a jikin Ni'mat ya rikice. Ko ruwa ba ya zama a cikinta, idanunta suka yi ɗorawa, ta kira ni da sunan wanta da ya rasu tun tana yarinya. Zuwa yamma ta dawo hayyacinta, amma ni na riga na tsorata. Sakinatu ta zauna a bakin angarib tana jiƙa mata leɓe da auduga, kwanon abincinta na rufe tun na safe.

Bayan magariba na zauna a ƙofar masallacin unguwa da Lawal, abokina tun na Jazira, mai sayar da gawayi. Na kwashe komai na gaya masa.

"Tsofaffi nawa ne?" ya ce.

"Biyar."

"Masu zuwa fa?"

"Sun fi ɗari."

"To kai ma da wani abu. Ka manta lokacin da matar Zubairu ke neman jini? Wa ka tambaya? Miƙewa ka yi bayan sallama ka ce jama'a ga hali, kafin isha'i mun cika asibiti, har ni da jinina rabi gawayi ne."

Gaskiya ya faɗa. Haka muke yi. Idan abu ya cije, mutum ya miƙe bayan salla ya faɗa wa jama'a, liman ya ce kun ji, magana ta ƙare. Ba wanda zai ce ka raina shi, sai ma a ce ka girmama mutane da ka kawo kukanka gabansu. Na tuna da maganar Fasto Tiya, amma na ce a raina tsoron matasa ne ya sa shi faɗin haka. Ni ba maganar fili zan yi ba. Roƙo zan yi. Na ma ɗauka idan dattawa suka ga jama'a na so, zai yi musu sauƙi su ce to.

Ranar Lahadi na sa farar jallabiya na naɗa rawani na tafi, ban gaya wa kowa a gida ba. A bakin ƙofa na tuɓe takalma, wasu 'yan mata suka rufe baki suna dariya, sai na ga kowa da nasa a ƙafa. Kunya ta hana ni komawa in ɗauka. Na zauna a bencin baya. Wata mata mai jiki ta matso, Sittana, ƙawar Ni'mat mai sayar da shayi, wadda ke zuwa gidanmu duba ta.

"Abu Sakina, lafiya? Ta cika ne?"

"Tana nan."

"To me ya kawo ka da ƙafa tsirara?"

Na ce ta bari tukuna.

Dattawan suna zaune a gaba kan kujeru, suna fuskantar jama'a, Yakubu Kafi a tsakiya. Aka yi waƙoƙi, Fasto ya yi wa'azi, ban riƙe ko kalma ba. Da aka zo sanarwa, wani ya karanta sunayen marasa lafiya har da na Ni'mat, ya tambaya ko akwai saura. Na miƙe.

Na yi sallama da Larabci. Na ce ni Musulmi ne, baƙo a gidansu, su yafe mini. Na ce ni ne mijin matar da ke zama a wannan benci. Na ce shekara ashirin tana ƙetare ruwa biyu ta zo nan, ba ta taɓa zagin kowa a gabana ba. Na ce yanzu tana mutuwa, abu ɗaya take roƙo, a ba ta gurasar da aka hana ta saboda ni. Na ce idan akwai laifi nawa ne, jama'a su taimake ni.

Sai na ji kukan mata daga gefe. Na ga Fasto Tiya ya dafe goshi.

Wani saurayi ya miƙe a tsakiya, malamin makaranta ne mai suna Danyal, daga baya na ji shi ke gaban masu neman a sauke dattawa.

"Kun ji ko?" ya ce, ba ni yake kallo ba. "Filin gaba sun buɗe wa ɗan kasuwa, teburin Ubangiji sun rufe wa 'yar'uwarmu. Sai da Musulmi ya zo ya tuna mana. Wanda ya yarda a mayar da Ni'mat teburi yau, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi, kusan duka. Sittana ta ɗaga biyu. Ni kuwa zuciyata ta yi fari, na ce alhamdu lillahi a fili, na ɗauka an gama.

Yakubu Kafi ya cire gilashinsa ya sa a aljihu. Ya ce wannan ba taron yanke hukunci ba ne, sujada ce, kuma ba a rufe ta da addu'a ba. Wani daga cikin jama'a ya ce a rufe ta da kuɗin shaguna. Aka yi dariya, aka yi hayaniya. Wani dattijo gajere ya miƙe yana nuna ni da sanda yana tambayar wa ya turo ni, nawa aka ba ni. Sai dattawan suka tashi suka fita ta ƙofar gefe, ɗaya bayan ɗaya. Wata murya ta bi su da kalmar ɓarayi.

Ina waje ina neman takalmina, an watsar da su da ƙafa, sai ga inuwar Yakubu Kafi a kaina.

"Uku sun riga sun yarda," ya ce. "Da ni huɗu. Gida gida na bi su. Saura gajeren nan, shi ma matarsa ta ce in bar mata shi."

"To ai shi ke nan, Ammu. Ga jama'a ma sun yarda."

"Shi ya ɓata ta. Idan muka ba ta yanzu, kowa zai ce hannuwa ne suka buɗe teburi. Gobe wani ya saki matarsa ya auri wata, ya tara danginsa su ɗaga hannu. Wata rana a tara hannuwa a hana wanda ba a so. Waɗanda na shawo kansu ba za su ƙara saurarata ba."

"Matata tana mutuwa."

"Na sani. Ni nake ɗaukar farantin. Ni nake wuce ta duk wata, tana sunkuyar da kai don kada in ji kunya. Kana ganin ban san nauyinsa ba?"

Ya juya ya tafi. Na sami takalmi ɗaya a ƙarƙashin wata raksha mai ƙafa uku.

A gida na tarar labari ya riga ni, Sittana ta buga wa Sakinatu waya tun ana ɗaga hannu. Yarinyar ta taro ni a ƙofa fuskarta a sake, rabon da in ga haka tun kafin ciwon. Har ta ɗumama abinci ta ci rabi. Na so in bar ta da wannan ko na yini ɗaya, amma Ni'mat ta kira ni daga ɗaki.

"An ce ka miƙe."

"Na miƙe."

"A gaban shehunai?"

"A gaban kowa."

Ta rufe ido. Na ɗauka kuka za ta yi, sai na ga kafaɗarta na motsi, dariya take yi da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Kai Bahaushen nan. Ka ɗauka masallacinku ne."

"Jama'a sun yarda, Ummu Sakina."

"Shehunai fa?"

Na gaya mata sun fita. Ta daina dariyar. Ta ce in gyara mata matashi, ta juya fuskarta bango. Sakinatu na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai.

Alhamis ta zo ba a zauna ba. Fasto Tiya ya kira ni ya ce rigimar ta kai babbar majalisar da ke kan kanisoshinsu. An aiko cewa kada a yi Jibi a wannan kanisa, kada majalisar dattawa ta yanke komai, kada jama'a su yi taro, sai an turo masu sulhu. Na tambaye shi yaushe za su zo. Ya ce ba a sa rana ba. Na ce shi ba zai zo shi kaɗai ba, ko a ɓoye? Ya ce ba a kai wa mara lafiya Jibi sai da dattijo a gefen fasto, kuma idan ya karya wannan a irin wannan lokaci ya zaɓi ɓangare ke nan. Ya ce zai zo ya yi mata addu'a. Ya zo kuwa, ya yi, ya tafi idonsa ja.

Ranar Asabar da hantsi mata suka cika gidanmu, Sittana a gaba, Danyal na biye. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Matan suka zauna a ƙasa kewaye da angarib suka yi waƙa da harshensu, Ni'mat na motsa leɓe tana bin su. Sai Sittana ta buɗe jaka ta fito da gurasa a cikin farin ƙyalle da kwalbar karkade, wato zoɓo. Danyal ya buɗe littafinsu.

"'Yar'uwa," in ji Sittana, "kanisa ba tsofaffi biyar ba ce. Mu ne kanisa, ga mu mun zo. Mun ɗaga hannu a gaban Allah. Karɓi."

Ni'mat ta dubi gurasar.

"Wa ya yi addu'a a kanta?"

"Danyal zai yi."

"Danyal da na goya ranar da uwarsa ta je haihuwar ƙaninsa?" Ta yi masa murmushi. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Mayar da littafinka."

"Anti, su ba su da ikon hana ki," ya ce.

"Na tsaya a gabansu ina amarya na ce na karɓi horo. Ban ce sai ranar da na gaji ba. Su suka ɗauke, su za su mayar. Idan na ci wannan, shekarun nan duka zaman me na yi a baya?"

Sakinatu ta durƙusa ta kama hannunta. "Yumma, ki ci mana. Gurasa ce, duk ɗaya ce. Don Allah ki ci."

"Ba ɗaya ba ce, Sakina."

Sittana ta naɗe ƙyallen tana hawaye tana faɗa, ta ce taurin kan Ni'mat ne ya sa ta auri tela tun farko. Ni'mat ta ce a ba yaran maƙwabta karkaden kada ya lalace. Suka yi wata waƙar suka tafi.

Na sami Sakinatu a bayan ɗaki wajen tulu, ta haɗa kai da gwiwa. Na ce ta tashi ta sa wani abu a cikinta. Ta ɗago.

"Da ka yi shiru, Yaba."

"Ke kika ce in je."

"Na ce ka je. Ban ce ka miƙe ba."

Na tsaya kaɗan, na koma ɗaki.

Bayan la'asar ranar Litinin raksha ta tsaya a ƙofarmu. Yakubu Kafi ya sauko shi kaɗai, da 'yar jakar fata a hammata. Daga Umbadda zuwa Hajj Yusuf ba ƙaramar tafiya ba ce ga tsoho, ƙura ta yi masa fari a gira. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru.

"Majalisa ta zauna?" na ce.

"Ba ta zauna ba. Na zo duba 'yata."

Na shigar da shi. Ni'mat ta yi ƙoƙarin tashi, ya hana ta. Ya ce mu ba su wuri. Sakinatu ta tsaya, ya dube ta ya ce, "Har ke, jikata." Muka fito, ya tura ƙofa.

Muka zauna a tsakar gida, ni a kan tabarma, ita a kan bokiti da ta kifa. Mun ji muryarsa ƙasa ƙasa da harshen Nuba, wanda ni ban iya ba, ita ma Sakinatu kaɗan take tsinta. Mun ji Ni'mat ta yi magana mai tsawo, ta fi duk wadda ta yi a makon. Sai waƙa, muryar tsoho da tata da ƙyar. Daga nan shiru, mai tsawo. Sakinatu ta tashi za ta leƙa ta taga, na riƙe mata gefen tob ɗin da ta lulluɓa. Ta dube ni, ta koma ta zauna.

Da ya fito jakarsa na hammata kamar yadda ya shiga. Na ce a kawo shayi, ya ce rana ta yi, gada za ta cushe. Na raka shi bakin titi. Bakina ya cika da tambaya amma na kasa, ina ganin na riga na yi magana fiye da rabona a sha'anin mutanen nan. Ya hau raksha ya ce Allah ya ba mu haƙuri.

Sakinatu ta riga ni shiga ɗaki. Na ji tana cewa, "Yumma, ya ba ki?"

Ni'mat na kwance idonta a buɗe, fuskarta ba damuwa ba murna. Ta ce, "Ammu Yakubu ya tsufa, wallahi ya tsufa. Hannunsa har rawa yake." Sakinatu ta sake tambaya. Ta ce a bar ta ta yi barci. Daga ranar ba ta ƙara yin magana mai ma'ana ba, ranar Laraba da safe ta cika.

A maƙabartar Kiristoci aka binne ta. Dattawa suka tsaya a gefe ɗaya na kabarin, Danyal da mutanensa a ɗaya gefen, Fasto Tiya a tsakani yana karatu. Lawal da mutanen masallacinmu suka jira a bakin katanga cikin rana har aka gama, suka dawo da ni gida.

Bayan arba'in Sakinatu ta shirya ta tafi Umbadda ita kaɗai. Na so in hana ta, na ga ba ni da fuskar hanawa. Ta dawo da yamma ta zauna a bakin shagona, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce shi dattijo ɗaya ne, dattijo ɗaya ba majalisa ba ne."

"Ke nan bai ba ta ba."

"Haka na ce masa. Ya ce bai faɗi haka ba."

Ta ɗauki wani guntun yadi daga ƙasa tana naɗe shi a yatsa. Na ce ko in je da kaina. Ta ce in bar tsohon ya huta, idan ya ce ya bayar za su cire shi, idan ya ce bai bayar ba ita ba ta san yadda za ta yi da ni ba.

Yanzu tana cin abinci, ba da yawa ba. Ta koma makaranta za ta zauna jarrabawa baɗi. Tana yi mini magana a kan cefane da kuɗin mota da ciwon bayana. Wani lokaci ina ɗinki sai in ji idonta a kaina, in ɗago, ta kawar. Masu sulhu sun zo sun tafi, an ce har yanzu kanisar ba ta daidaita ba.

Ko Yakubu Kafi ya ba Ni'mat gurasar a ɗakin nan, ko addu'a kawai ya yi mata, ni da Sakinatu ba mu sani ba har yau.